Milimita Takwas

Duk layin da shagonta yake an san Yaya da dokoki biyu a harkar ɗinki. Ta farko, ba ta yanka yadi cif-cif da jikin mutum. Sai ta bar rara ta ciki, faɗin yatsa biyu, ta kwantar da ita da dutsen guga yadda ba mai gani. In mai kaya ta fara ƙunƙuni wai ana mata ɓarnar yadi, sai Yaya ta dube ta ta saman tabarau ta ce, “Jikin naki ya yi miki alkawarin zama haka ne? Abin da almakashi ya ci ai ba ya dawowa.” Ta biyu, in ta yi kuskure ba ta ɓoye shi. Za ta juya rigar a gabanki, ta ɗora yatsa a wurin ta ce, “Ga inda na ɓata, kin gani?” ko da kuwa za ki shekara goma kina sa rigar ba ki lura ba. Wasu sun daina kawo mata ɗinki saboda wannan hali, don ba kowa ke son a nuna masa aibin kayansa ba. Ita ko a jikinta.

Yaya ba sunanta ba ne, bin ta ya yi, har waɗanda suka isa haihuwarta haka suke kiranta. Wadda ta laƙaba mata shi ita ce ƙanwarta, Auta. Mahaifiyarsu ta rasu Auta na da shekara shida, Yaya na da goma sha tara, don haka da Yaya ta yi aure da yarinyar ta tare. A ƙarƙashin teburin yanka Auta ta koyi ƙirga, da maɓallai. Ta girma ta zama malamar lissafi a sakandare, mai baki kamar reza, ta auri wani bawan Allah mai gyaran firji wanda maganarsa ta yini ɗaya ba ta cika cokali. Mai Firji ake ce masa. Duk wata riga da Auta ta taɓa sawa a duniya, daga ta makaranta har ta zuwa aiki, daga keken Yaya ta fito.

Wata goma sha huɗu da auren, Auta na da shekara ashirin da shida, ta fara ganin ɗigon jini ba a lokacinsa ba. Da farko har murna ta yi, don wata abokiyar aikinta ta ce mata haka sabon ciki yake yi wa wasu. Ba ciki ba ne. Aka yi gwaji, aka sake wani, aka tura su babban asibiti, hawa na uku, ƙofar ƙarshe.

Likitar gajeriyar mace ce mai furfura a goshi, tana magana kamar mai karanta jerin kayan cefane. Su uku suka zauna gabanta: Auta a tsakiya da littafi da biro, Mai Firji a dama, Yaya a hagu, tef ɗin awo rataye a wuyanta don ta manta ba ta cire ba.

“Sankara ce a bakin mahaifa,” in ji Likita. “Amma ba irin wadda muka saba gani ba. Shekara ashirin ina wannan aiki, ke ce ta huɗu da na gani da irinta. Abin da aka saba yi shi ne a cire mahaifar gaba ɗaya a huta. Sai dai ciwon naki ƙarami ne, hoto kuma bai nuna ya bazu ba, ga shi ba ki haihu ba. Akwai wata hanya.”

Ta juya wata takarda ta zana abu kamar ƙwan lantarki, wuyansa a ƙasa. Ta ja layi ta raba wuyan da ƙwan.

“Ciwon yana nan, a wuya. Mu yanke wuyan, mu bar ɗakin sama, mu jawo shi mu haɗa da ƙasa mu ɗinke. Sannan mu zagaye bakin da zare mai ƙarfi mu tsuke, don in ciki ya shiga ya samu abin da zai riƙe shi.”

“Zariya ke nan,” in ji Yaya.

Likita ta ɗago ta dube ta, ta dubi tef ɗin. “Zariya ke nan,” ta ce. Ta koma kan Auta. “Kina barci za mu aika abin da muka yanko ɗakin gwaji, su duba a madubin ƙara girman abu su bugo mana waya. Tsakanin inda ciwon ya tsaya da inda wuƙata ta bi, lafiyayyen nama nake nema na milimita takwas.”

Yaya ta jawo bakin tef ɗinta a ɓoye ta sa farce a kan takwas. Ko faɗin ƙaramin maɓallin riga bai kai ba. Ita da take barin yatsa biyu saboda rigar da za a sa a yar, a nan ga abin da ake barin ran mutum a kai.

“In an samu takwas, kin tashi da mahaifarki,” Likita ta ci gaba. “In ciwon ya taɓa bakin yankan, kuma ba sauran abin da zan ƙara, zan cire duka. Wannan ba shawara a ciki, in ba ki yarda ba ba zan taɓa ki ba. Rigimar tana tsakiya: nama lafiyayye, amma huɗu ko biyar. A nan ba littafin da zai gaya mini gaskiya, don masu irin ciwonki ba su da yawan da za a yi lissafi da su. Yana iya dawowa, yana iya ƙin dawowa. In kuwa ya dawo, ba da wasa yake dawowa ba.”

“A bar ta,” in ji Auta. Ko numfashi ba ta ja ba.

“Na ji. Amma abin da zan tarar a ranar ban san shi yau ba, ke kuma kina barci. Rubuta mini wanda zan fito in gaya wa, ya yanke a madadinki.”

Auta ta karɓi fom ɗin ta rubuta sunan Yaya. Likita ta ɗan kalli Mai Firji.

“Shi ai in kika ce a cire zai ce to, in mai sharar asibiti ta ce a bari zai ce to,” in ji Auta. “Yaya kuwa ko mota ce ta taho ba ta kaucewa.”

Mai Firji ya yi murmushi, ya sauke ajiyar zuciya. Duk wanda ya gan shi ya san an sauke masa kaya.

Saura kwana uku tiyata Auta ta zo shago da rana. Yaya na ɗinka mata doguwar riga mai faɗi ta zaman asibiti, fil uku a bakinta. Auta ta zauna a kan kujerar da masu kawo ɗinki ke zama, tana wasa da wani ƙyalle.

“Yaya, alkawari nake so. In ta fito ta ce huɗu ne ko biyar, ki ce a bari. An ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.”

Yaya ta zare fil ɗin daga bakinta ɗaya bayan ɗaya. “Wannan a bakin mutane ne. A asibiti yankewa suke yi.”

“Ba za ki gane ba ne. Ke kina da 'ya'ya huɗu.”

“Biyar,” in ji Yaya, ba ta ɗago ba.

Auta ta yi dariya, amma ba ta saki zancen ba. “To ta biyar ɗin ce take roƙonki. Jikina ne, Yaya. Na yi lissafina, na yarda da shi. Ni dai ko sau ɗaya ne in ji motsin ɗa a cikina.”

“Na ji.”

“Ba na ji na tambaye ki ba. Kin yi alkawari?”

Keke ya yi shiru. A waje wani yana ta buga wa wani hon. Yaya ta dubi ƙanwarta, ta ga ta rame a wuya, ta ga yadda take matse ƙyallen a hannu, sai ta ce, “Na yi.”

Ƙarfe takwas na safe aka tura Auta ɗakin tiyata. Aka bar su biyu a kan benci a wani dogon baranda mai warin maganin goge ƙasa. Akwai agogo a bango, akwai firjin ruwa a lungu yana gurnani. Mai Firji ya kasa kunne can ya ce, “Fankarsa ce ta kusa mutuwa.” Iyakar abin da ya ce ke nan har ƙarfe goma. Wajen goma da rabi wata nas ta fito da sauri riƙe da ƙaramin mazubi a rufe, ta bi ta gabansu ta sauka bene. Yaya ta bi mazubin da ido. Ta san abin da ke ciki, ta kuma san ita ta yi wa mai shi wanka shekara da shekaru. Bayan kusan awa guda nas ɗin ta sake fitowa da wani mazubin.

Jim kaɗan sai ga Likita da kanta, cikin koren kaya da hular leda, takunkumi a saɓule a haɓa. Ba ta zauna ba.

“Yankan farko bai ba mu ba, milimita biyu ne. Na ƙara yanko wani, shi ne iyakar abin da zan iya ɗauka in bar wurin da zariya za ta kama. Yana ɗakin gwaji, minti ashirin za su bugo. In na koma na wanke hannu ba zan sake fitowa ba. In duka ya kai takwas, shi ke nan, ba ruwanki. In ya tsaya a huɗu ko biyar, me zan yi?”

“Ke me idonki ya gani?” in ji Yaya.

“Naman yana da kyau a ido. Ido kuwa ya sha yaudarata.”

“In ƙanwarki ce fa?”

“Ba sunana ta rubuta ba.”

Yaya ta kai hannu wuya, ba tef, ranar ta cire shi. Amma ba ta buƙatarsa, ta san huɗu: kaurin zare ne in an ninka shi sau kaɗan. Ta tuna alkawarin sarai, har da ƙarar hon ɗin da ke waje. Ta kuma tuna wani baranda irin wannan, shekara ashirin baya, inda aka fito aka ce mata mahaifiyarsu ta cika, ta koma gida ta tarar da yarinya 'yar shekara shida a bakin ƙofa tana tambayar me aka sayo mata. Tsoro ne ya kama ta, tsoro tsagwaronsa. Jaririn da Auta take so ba a yi shi ba tukuna, ba shi da fuska. Auta kuwa tana da ita.

“Ki cire,” ta ce.

Mai Firji ya miƙe tsaye. “Yaya, ai ta ce...”

“Na san abin da ta ce. A gabana ta faɗa.”

Ya koma ya zauna. Likita ta miƙo takarda, Yaya ta sa hannu. Ƙofa ta rufe.

Awa biyu da rabi suka ƙara a kan bencin, tsakaninsu akwai wurin zaman mutum ɗaya da ba wanda ya cike. Ba wanda ya fito ya ce musu ci kanku. Firjin ya yi ta gurnaninsa, Mai Firji bai sake kula shi ba.

Ƙarfe biyu Likita ta fito, wannan karon ta zauna a gefen bencin ta cire hular. “Tara,” ta ce. “Na haɗa, na ɗinke, zariya ta zauna. Mahaifarta tana nan.”

Mai Firji ya durƙusa a wurin ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa suna rawa. Yaya ta yi ta hamdala, daɗi ya cika ta har ta rasa inda za ta sa kanta. Can ƙasan daɗin kuma akwai wani abu mai nauyi da ya ƙi narkewa.

“Takardar da kika sa wa hannu ba a yi amfani da ita ba,” in ji Likita a hankali. “Tana cikin fayil. In ba ta tambaye ni ba, ba zan ɗauko zancen ba.”

Da la'asar Auta ta farka, leɓenta a bushe, robar ƙarin ruwa a hannu. Kafin ta gama buɗe ido hannunta ya riga ya kai kan mararta.

“Tana nan?”

“Tana nan,” in ji Yaya.

Auta ta lalubo hannun Yaya ta riƙe. “Na san ki, Yaya. Na san ko duk asibitin nan za su taru a kanki ba za ki bari ba.”

Mai Firji, wanda ke tsaye a ɗaya gefen gadon, ya dubi Yaya ya ɗan girgiza kai: don Allah a bar zancen. Ga hanya a buɗe. Mutum uku ne suka sani, biyu sun riga sun yi shiru, ƙarya ma ba sai an yi ba. Yaya ta gyara wa ƙanwarta matashi ta ce ta yi barci.

Ta haƙura kwana goma sha biyu. Ta bari aka sallame su, aka cire zare, Auta ta fara takawa daga ɗaki zuwa falo ba tare da dafa bango ba. Ran na goma sha uku da hantsi ta kawo mata shayi, ta ajiye, ta zauna a bakin gado.

“Akwai inda na ɓata, zan nuna miki,” ta ce. “Likita ta fito ana tsakiyar aiki, ta ce in huɗu ne ko biyar me za ta yi. Na ce ta cire. Na sa hannu. Allah ne ya sa aka samu tara.”

Auta ta ɗago daga kan kofin ta dube ta.

“Wato da huɗu ne, da yanzu ba ni da ita.”

“E.”

“Kuma da kina nan zaune kina ba ni shayi.”

“E.”

“Kin yi nadama?”

“Ta ranar da na ce miki na yi alkawari, na yi. Bai kamata in ɗauki abin da ba zan iya ba. Amma gobe in aka sake tambayata, abin da zan ce ke nan.”

Auta ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba, mai bakin nan kamar reza ko kalma ɗaya mai zafi ba ta faɗa ba. Da ta yi, da ya fi wa Yaya sauƙi. Ta ture kofin gefe ta ƙwala wa mijinta kira ya kawo mata ruwa.

Ba a yi faɗa ba, ba wanda zai ce an yi. Ana gaisawa, ana zuwa dubiya in wani ba lafiya, yaran Yaya suna zuwa a koya musu lissafi. Sai dai a katin asibiti, inda aka rubuta wanda za a kira, an soke sunan Yaya an sa na Mai Firji. Ɗinki kuma ya koma wurin wani tela a tsallaken titi, mai sabon keke da madubi har ƙasa. Daga tagar shagonta Yaya tana ganin ƙanwarta ta shiga da leda ta fito da leda. Abin ya ci mata rai ƙwarai, ba ta gaya wa kowa ba.

Duk wata uku Auta na komawa asibiti a duba ko ciwon ya dawo. Ba a gaya wa Yaya ranar, amma ta iya lissafin, da allin ɗinki take yi wa kalanda alama. A irin waɗannan ranaku ba ta yanka yadin kowa, sai guga da sa maɓalli. Da yamma Mai Firji zai biyo da jakar kayan aikinsa, ya tsaya a taga ya ce, “Lafiya lau, Yaya,” ya wuce. Sau tara ya yi mata haka.

Wata ranar Talata da hantsi, tana tsakiyar kalmasa, inuwa ta tare mata hasken ƙofa. Auta ce, riƙe da leda. Ta yi sallama, ta gaishe ta kamar kullum, ta zaro wata koriyar riga ta ajiye a kan tebur. Yaya ta gane ta tun kafin a warware ta, ita ta ɗinka mata shekarar da ta fara koyarwa.

“Ta matse ni a ƙugu,” in ji Auta. “Na duba na wancan telan duka, ba abin buɗewa a ciki. Cif-cif yake yankawa.”

Yaya ta dubi rigar, ta dubi fuskar ƙanwarta, sannan ta sauke ido zuwa ƙugun. Ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi ta mayar.

“Wata nawa?”

“Huɗu. Likita ta ce zariya tana riƙe. Ta hana ni hawa bene da ɗaukar kaya, kuma ta ce fiɗa za a yi a ciro shi, in Allah ya kai mu.”

“Allah ya kai mu,” in ji Yaya.

Ta juya rigar. Rarar tana nan inda ta bar ta, faɗin yatsa biyu a kowane gefe, a kwance luf, launinta ma bai koɗe ba. Ta miƙa hannu kan tebur don ta ɗauki almakashi ta tsinke bakin zaren, sai ta tarar Auta ta riga ta. Auta ta ɗora almakashin a cinyarta, ta dafe shi da hannu biyu, ta jawo kujerar masu kawo ɗinki ta zauna.

“Da allura za ki warware, Yaya,” ta ce. “Ɗaya bayan ɗaya. Ba sauri nake ba.”

Yaya ta zaro allura daga jikin rigarta, ta matsa kusa da taga inda haske ya fi, ta sa bakin allurar a ƙarƙashin ɗinkin farko ta ɗaga.